Yadda Ake Koyon Aiki a Matatar Ruwan Sha, Daga Bakin Kogi Zuwa Babban Bututu

Ruwan da ya fita daga matata ba a kiransa ya dawo. Da zarar injinan tura ruwa sun cusa shi cikin babban bututu, cikin 'yan sa'o'i yana cikin randar wani gida, yana cikin butar masallaci, yana ɗakin haihuwa a asibiti. Wanda zai sha shi bai san ka ba, kuma ba shi da abin gwada shi. Ya amince ne kawai cewa akwai wani a can bakin kogi da ya duba. Wannan wanin kai ne, tun daga ranar da aka rubuta sunanka a jerin masu koyon aiki. Saboda haka matakan da zan bi da kai a nan duk a kan ɗabi'a guda suka rataya: ka auna da hannunka, ka gani da idonka, ka rubuta abin da ka samu ko da bai yi daɗi ba.

Kafin a ba ka hular kwano

Yawanci hukumar ruwa ta jiha ce ke ɗaukar ma'aikata, wasu kuma suna shiga ta hanyar koyon aiki na wucin gadi da makarantu ke tura ɗalibansu. Takardar sakandare mai lissafi da kimiyyar sinadarai tana buɗe ƙofa, difloma a fannin aikin ɗakin gwaji, ko injina, ko lantarki tana ƙara buɗe ta. Amma abin da za a fara jarraba ka da shi tun ranar farko shi ne lissafin rabawa da ninkawa, da sanin cewa lita 1,000 ita ce cikin tanki mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, abin da ma'aikata ke kira kubik. In wannan yana maka gardama, ka zauna ka gyara shi tun a gida.

Ka nemi kayan kariyarka tun da wuri: takalmin but mai ƙarfe a baki, hular kwano, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumin ƙura. Ka sayi ƙaramin littafi da biro da tocila taka ta kanka. Kada ka zo da babbar riga ko rawani mai jela kusa da abin da ke juyawa. Mace mai koyon aiki ta cusa bakin hijabinta cikin rigar aiki.

Makon farko: bi ruwan da ƙafarka

Kada ka fara da ɗakin da ke da allon maɓallai. Ka roƙi shugaban aikinka ya haɗa ka da wani tsohon hannu, ku taka tun daga inda ruwa ke shiga har inda yake fita, kana zana taswirar wurin da hannunka.

Za ku fara da mashigar ruwa, inda akwai ragar ƙarfe mai tare ganye da leda da kara, sai injinan da ke jawo ɗanyen ruwa. A wasu matatun ruwan zai fara gangarowa ta kan wasu matakala don ya sha iska, abin da ke rage wari kuma ya taimaka wajen fitar da sinadarin ƙarfe. Daga nan wurin zuba alif inda ruwa ke tumbatsa da ƙarfi, sai tankunan motsawa a hankali, sai manyan tankunan kwantar da laka, sai matatan yashi, sai wurin zuba kulorin, sai tankin tsabtataccen ruwa, sai injinan tura shi gari. A kowane bawul ka tsaya ka tambaya: me wannan ke buɗewa, zagaye nawa yake yi kafin ya rufe, kuma me zai faru in na rufe shi yanzu? Ka rubuta. Bawul ɗin da ya lalace ko wanda ke juyawa a baibai ba ya cikin takardar injiniyoyi, yana cikin kan tsofaffin ma'aikata ne, kuma ba sa faɗa wa wanda bai iya gaisuwa ba. "Baba, don Allah a nuna mini" ya fi takardar difloma aiki a wannan makon.

Ka kuma san halin tushen ruwanku. Matatar da ke ɗiba kai tsaye daga kogi, irin ta Tamburawa da ta Chalawa a Kano, ko ta Malali a bakin kogin Kaduna, ko ta Gudel da ke shayar da Yamai daga kogin Kwara, ruwanta na iya sauya launi cikin dare guda in an yi ruwan sama a sama da ita. Wadda ke ɗiba daga madatsa, kamar Ajiwa a Katsina, Gubi a Bauchi ko Usuma a Abuja, ruwanta ya riga ya ɗan kwanta, amma da zafi sai gansakuka ta taso ta kawo wari da toshe yashi. Ka tambaya ko akwai masana'antun fata ko rini, ko mahauta, ko manyan gonakin rani a sama da mashigarku. Abin da suka zubar kai zai zo wa.

Karɓar aiki

Ka iso minti 20 ko 30 kafin lokacinka. Ka karanta littafin aiki tun daga inda ka bar shi, ba shafin ƙarshe kaɗai ba. Sannan ka zagaya tare da wanda zai tashi, kada ku yi miƙa aiki a kan benci. Abubuwan da ba za ka sa hannu ba sai ka gani su ne: injina nawa ke aiki, ruwa nawa ke shigowa a sa'a, ina ruwan alif ya tsaya a tankinsa, buhu nawa ya rage, wane mataci aka wanke da yaushe, nauyin tukunyar kulorin, zurfin ruwa a tankin ƙarshe, da man janareta. In akwai injin da aka rataya wa alamar gyara, ka tambayi wa ya rataya, kada ka taɓa shi sai shi ya cire.

Bayan haka ka ɗebi ruwa wuri huɗu: ɗanye, bayan kwanciya, bayan tacewa, da wanda ke fita. Ka auna duhunsu, wato yawan dagulewarsu, da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, na ƙarshen kuma ka ƙara da kulorin. Wannan awon na farko shi ne zai gaya maka irin daren ko yinin da za ka yi.

Alif: inda aikin ya fi neman kai

Alif ɗin da iyayenmu mata ke kaɗawa cikin ruwan rafi ya kwanta, shi ne dai muke zubawa da buhu. Lakar da ke sa ruwa ja ƙanana ce ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana ture 'yar'uwarta, shi ya sa ko an ajiye ruwan kwana da kwanaki ba ya washewa. Alif yana kashe wannan turjiyar, ƙwayoyin su manne su zama gudaji masu nauyi, su nutse, su tafi da ƙwayoyin cuta masu yawa tare da su. Matsalar ita ce adadin da ya dace ba ɗaya ba ne jiya da yau. Ba a gane shi sai da gwajin kofuna.

Ga yadda ake yi. Ka auna giram 10 na alif ɗin da kuke amfani da shi, daga buhun da ke aiki, ka narkar da shi ka cika zuwa lita ɗaya da ruwa mai tsabta. Yanzu kowane mililita ɗaya na wannan haɗin, in ka zuba shi cikin lita ɗaya ta ɗanyen ruwa, ya zama miligiram 10 a lita. Ka jera kofunan gilashi shida, kowanne da lita ɗaya ta ɗanyen ruwan da ka ɗebo yanzu, ba na safe ba. Ka ja haɗin da sirinji: mililita 2, 3, 4, 5, 6, 7. Ka zuba su lokaci guda gwargwadon iko, ka bar injin motsa kofunan ya kaɗa da sauri kamar minti ɗaya, ka rage gudu ya motsa a hankali minti 15 zuwa 20, ka kashe, ka bar su su kwanta rabin sa'a. A lokacin motsawar nan kada ka tafi duba waya. Ka durƙusa ka sa idonka daidai da gilashin, haske na bayansa. A kofin da alif ya yi kaɗan ruwan zai zauna ja da hazo. A wanda ya dace za ka ga ƙura-ƙuran farko sun bayyana cikin 'yan mintuna, suna girma har su kai ƙwayar gero, ruwan da ke tsakaninsu yana haske. A wanda ya yi yawa gudajin za su yi fari-fari da laushi, suna yawo sun ƙi sauka. Ka zuƙi ruwan saman kowane kofi, ka auna duhunsa da pH. Ka zaɓi mafi ƙarancin adadin da ya ba da ruwa mai haske, ba mafi yawa ba.

Akwai masu cewa a ƙara buhu biyu don a samu kwanciyar hankali. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Alif da ya wuce ƙima yana sauke pH, yana cika tanki da laka, yana iya ma mayar da ruwan ya dagule, kuma ragowarsa na bin ruwa har gidajen mutane. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda ta fito a 2007 aka sabunta a 2015, ta tsayar da sinadarin alminiyam a miligiram 0.2 a lita, pH tsakanin 6.5 da 8.5, duhun ruwa kuma kada ya wuce 5 a ma'auninsa da ake kira NTU.

Daga kofi zuwa buhu lissafin mai sauƙi ne: miligiram a lita sau lita miliyan nawa kuke tacewa a yini, ya ba ka kilo. A ce kofin mililita 4 ya ci, wato miligiram 40, matatarku kuma tana tace lita miliyan 20. Kilo 800 ke nan a yini, buhu 16 masu kilo 50. In kuna narkar da kilo 100 a kowace lita 1,000, kuna bukatar lita 8,000 na ruwan alif a yini, wato kusan lita 333 a sa'a, lita biyar da rabi a minti. To, ga inda da yawa ke tsayawa: sun juya maɓallin injin zubawa zuwa lambar da suke zato, sun koma sun zauna. Kai ka ɗauki jug mai lita ɗaya da agogo ka tafi bakin bututun da alif ke fita. Ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 11 ko kusa da haka. In ya ɗauki 20, bututun ya fara toshewa ko injin ya gaji, lambar da ke jikin maɓallin ƙarya take yi.

Alif yana cin ƙarfin ruwa na jure tsami, kusan rabin miligiram ga kowane miligiram guda da aka zuba. Da damina, lokacin da ruwan sama ya tsinka kogi kuma kuna zuba alif da yawa, pH na iya faɗuwa ƙasa da 6, gudaji su daina haɗuwa duk yawan abin da ka ƙara. Maganin nan ba ƙarin alif ba ne, farar hodar laim ce. Ka maimaita gwajin kofuna da laim a ciki. Ana kuma ƙara shi a ƙarshe don a ɗaga pH, saboda ruwa mai tsami yana cin bututun ƙarfe.

Ruwan farko na shekara, wanda ke wanke ƙasa bayan watannin rani, da kuma tsakiyar watan Agusta, su ne lokutan da ake gane mai aiki. In ka ga hadari ya haɗu ta inda kogin ke fitowa, ka narkar da alif tun kafin ruwan ya iso, ka riƙa auna ɗanyen ruwa duk sa'a ko ƙasa da haka. In duhun ya fi ƙarfin matatar, a rage ruwan da ke shiga. Ruwa kaɗan mai kyau ya fi tanki cike da abin da za a yi da-na-sani a kansa, amma wannan shawarar ta shugaban aiki ce, kai naka ka kira shi da wuri.

Tankunan kwantar da laka

Ruwa kan yi sa'a biyu zuwa huɗu a nan, don haka in ka sauya adadin alif kada ka sake sauyawa bayan minti 30 don ba ka ga bambanci a ƙarshen tanki ba. Ka duba tankin motsawa, can ne sakamako ke fara bayyana. A bakin magudanar da ruwa ke malala daga sama, ka haska tocila da dare: in gudaji na tsallakewa, ko ruwan ya yi yawa, ko laka ta taru a ƙasa. Ka buɗe bawul ɗin zubar da laka a kan lokacinsa, ka tsaya har ruwan da ke fita ya tsinke sannan ka rufe. Lakar da aka bari ta kwana da yawa tana ruɓewa, ta taso sama curi-curi, ta sa wa ruwa wari.

Ba a leƙa tanki daga inda babu ƙarfen dafawa, ba a kuma shiga rami ko tankin da aka kwashe kai kaɗai, ko da sifana ce ta faɗa. Iskar irin wuraren nan tana kayar da mutum ba tare da gargaɗi ba.

Matacin yashi

Yashi ne mai zurfin kamar santimita 60 zuwa 75 a kan tsakuwa, ruwa na ratsa shi daga sama zuwa ƙasa. Abu uku ke cewa lokacin wanki ya yi: ruwa ya taru a samansa yana ƙin wucewa, duhun ruwan da ke fita ya fara hawa, ko lokacin da aka ƙayyade ya cika, yawanci kwana ɗaya zuwa uku. Duk wanda ya riga zuwa, shi ake bi.

Wankin, wanda ma'aikata ke kira bakwash, tsari gare shi. Ka rufe mashiga, ka bari ruwa ya sauka kusa da yashi, ka rufe mafitar ruwa mai tsabta, ka buɗe magudanar datti. In akwai injin iska ka kunna shi 'yan mintuna ya girgiza yashin. Sannan ka buɗe ruwan wanki daga ƙasa, sannu-sannu. Wanda ya buɗe shi da ƙarfi lokaci guda zai birkita tsakuwar ƙasa, yashi ya riƙa zurarewa, gyaran kuma sai an kwashe matacin gaba ɗaya. Ka tsaya a kansa kana kallo. Tafasar ya kamata ta zama daidai ko'ina. In wani gefe na tsiri da ƙarfi wani kuma shiru, akwai matsala a ƙasa, ka rubuta wurin. Bayan an gama ka duba magudana ko akwai yashi, ka duba saman matacin ko akwai tsagewa ko dunƙulen laka. Ruwan farko da ya fito bayan wanki ba ya da kyau, a zubar da shi har ya washe kafin a mayar da shi tanki. Kuma ba a wanke biyu lokaci guda, domin nauyin zai koma kan sauran su saki dattin da suka riƙe.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan mataci shi ne akwai ƙwayoyin cutar da kulorin ba ya iya musu. A 1993 a birnin Milwaukee na Amurka, ƙwayar Cryptosporidium ta ratsa wata matata a lokacin da duhun ruwan da ke fita ya hau, mutane sama da 400,000 suka kamu da gudawa, alhali ana zuba kulorin. NTU 5 iyaka ce ta doka, amma burinka a bakin mataci ya kasance ƙasa da 1. Kulorin ba ya gyara ruwan da ba a tace da kyau ba, laka ce ke shanye shi kuma ƙwayoyin cuta su ɓuya a cikinta.

Kulorin

Shi ne katangar ƙarshe tsakanin jama'a da kwalara da taifot. Ruwa yakan fara cinye wani kaso na abin da ka zuba, abin da ya rage shi ne mai gadi, kuma shi muke aunawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ragowar ta kai aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da haɗuwa, pH na ƙasa da 8, sannan a samu aƙalla 0.2 a famfon da ya fi nisa. A garuruwanmu da ake ba da ruwa yau a ɗauke gobe, bututun da ya zama fanko yana zuƙo ruwan kwata ta inda ya fashe, don haka ragowar nan ba ado ba ce.

Awon da ƙwayar gwaji da ake kira DPD mai lamba 1 ake yi. Ka bar famfon gwaji ya zuba minti biyu ko uku, ka ɗauraye kwalbar da ruwan, ka cika zuwa layin mililita 10, ka saka ƙwayar ba tare da ta taɓa yatsanka ba, ka murƙushe ta. Ruwan zai koma ruwan hoda. Ka karanta nan take, cikin minti guda, a hasken rana ko farar fitila, domin in ya jima launin yana ƙaruwa ya ruɗe ka. Hanci ba ma'auni ba ne. Ruwa na iya warin kulorin alhali mai aikin ya ƙare.

In garin kulorin da ake kira HTH kuke amfani da shi, ƙarfinsa kusan kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ne, sai ka gyara lissafi. In kuna zuba miligiram 2 a lita, sau lita miliyan 20 kilo 40 ne na kulorin, ka raba da 0.65, kusan kilo 62 na gari. Ana zuba garin cikin ruwa ne, ba ruwa a kan gari ba, a bar farin ƙasan ya kwanta a yi amfani da na sama. A ajiye durom ɗinsa a rufe, a inuwa, nesa da man dizal, giris, tsumma mai mai da duk wani asid, domin haɗuwarsu na tayar da gobara. Durom da aka bari a buɗe cikin zafin Afrilu ƙarfinsa raguwa yake yi.

In kuma iskar kulorin ce ta cikin tukwane, to ka natsu ka saurara. Iska ce mai launin ɗorawa da kore, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi, saboda haka ƙasa take bi, ta taru a rami da kwari. Mai koyon aiki ba ya sauya tukunya shi kaɗai, ko da ya ga an yi sau da yawa. Mutum biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na tsaye a ƙofa. Duk sauyi da sabon wosha, ba a maimaita tsohon. Tukunyar tsaye a ɗaure take da sarƙa. Bayan an haɗa, ana gwada yoyo da tururin amoniya: ka matsa robar kusa da mahaɗin, ba tare da ruwanta ya zuba a kan ƙarfen ba, in farin hayaƙi ya tashi akwai yoyo. Ba a watsa wa yoyon kulorin ruwa, cin ƙarfen zai ƙaru ramin ya faɗaɗa. Takunkumin ƙura da jiƙaƙƙen hankici ba sa tare shi. In ka ji yana yankar ido da maƙogwaro, ka fita ka nufi inda iska ke fitowa da wuri mai tudu, ka yi ihu ka sanar, ka bar mai na'urar numfashi ya shiga. Tun ranar farko ka san inda na'urar take, ka duba ko da iska a cikinta, ka kuma lura da tuta ko tsumman da ke nuna inda iska ke kaɗawa.

In kulorin ya ƙare ko injin zuba shi ya tsaya, ruwan ba ya fita gari. Ba kai za ka yanke hukunci ba, amma kai za ka kira, ko ƙarfe uku na dare ne, kuma ka rubuta lokacin da ka kira da abin da aka ce maka.

Injina da ɗaukewar wuta

Kafin ka tayar da injin tura ruwa, ka tabbata bawul ɗin zuƙa a buɗe yake, cikin injin cike da ruwa, an fitar da iska. A irin injinan da suka fi yawa a matatunmu ana tayarwa da bawul ɗin fita a rufe, in inji ya kai gudunsa a buɗe a hankali, wajen kashewa kuma a rufe a hankali tukuna. Rufewar gaggawa na sa ruwa ya daki bututu da ƙarfin da ke fasa shi. Amma ka bi takardar injinku, akwai waɗanda tsarinsu ya bambanta.

Ka koyi muryar kowane inji yana lafiya. In ka ji kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, ruwa ba ya isar masa: ko kogi ya ja baya, ko raga ta toshe. Ka ɗora bayan hannu a gidan boris, in ba za ka iya barin hannun ba ya yi zafi da yawa. Fakin, wato abin toshe yoyo da ke bakin sandar juyawa, ana so ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, wanda ya ɗaure shi tamau har ɗigon ya tsaya zai ƙona shi. Ka rubuta abin da allurar wuta da ta matsin ruwa ke nunawa duk sa'a, domin sauyinsu a hankali shi ne labarin da masu gyara ke nema.

Ɗaukewar wuta kuwa abin yau da kullum ne. Tambaya ta farko in ta ɗauke: akwai ruwan da ke ci gaba da gangarowa da kansa ba tare da alif ko kulorin ba? In akwai, shi za ka fara tsayarwa. In wuta ta dawo ko janareta ya tashi, ka duba layukan wutar uku duk sun kawo kuma ƙarfinsu ya daidaita, ka tayar da injinan magani tare da ruwan farko, sannan manyan injina ɗaya bayan ɗaya.

Littafin aiki

Za ka tarar da shafukan da lambar kulorin ɗaya ce tun daga safe har dare, mako guda cur, da biro ɗaya. Ruwa ba ya yin haka. Wata rana kuma wani zai ce maka, "Yaro, rubuta 0.5 kawai, haka ake yi." Ka ba shi girmansa, ka ɗauki kwalba ka je ka auna. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na ƙasar Kanada, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke kashin shanu zuwa wata rijiyar da garin ke sha. Bincike ya nuna masu kula da ruwan sun daɗe suna rubuta lambobin kulorin ba tare da sun auna ba. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba. Da an auna a kwanakin nan, da an ga kulorin ya ɓace.

Saboda haka ka rubuta lokaci na gaskiya da lamba ta gaskiya. In ba ka auna ba, ka rubuta ba a auna ba da dalili: ƙwayar gwaji ta ƙare, na'ura ba batir. Irin wannan rubutun ne ke sa a sayo kayan. In ka yi kuskuren rubutu ka ja layi guda ka sa hannu, kada ka goge. Lokacin salla ku yi karɓa-karɓa, kada a bar wurin ba kowa, haka ma lokacin buɗa-baki da azumi.

Kafin a bar maka aiki kai kaɗai, shugabanka zai so ya ga ka yi gwajin kofuna ka fitar da adadin buhu ba tare da an taya ka ba, ka wanke mataci daga farko har ƙarshe, ka tayar da matatar bayan ɗaukewar wuta, ka kuma faɗi wanda za ka kira in kulorin ya yi yoyo. Ka nemi a gwada ka a kan waɗannan tun da rana, lokacin da manya ke nan. In damar ƙaro ilimi ta samu, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana horar da ma'aikatan hukumomin ruwa. Ka sa sunanka ta hannun ofishinku, ka tafi da littafinka mai taswirar da ka zana da lambobin da ka tara na damina da rani.